Kafin Ka Ɗaga wa Tirela Hannu: Abin Ɗauka da Abin Bari

Da ku nake, samarin Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, ku da kuke ɗaure kaya ku nufi bakin kwalta da zarar gero da dawa sun shiga rumbu. Wani Kano ce iyakarsa, wani Abuja, wani sai Legas ko Fatakwal, wani kuma arewa zai yi, Magarya ko Damagaram. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya fi ƙarfin aljihun da yawanku. Shi ya sa ake ganinku a gefen hanyar Daura zuwa Kano kuna ɗaga wa motocin kaya hannu a rage muku hanya, inda dare ya riske ku kuma nan ne masauki. Da da yadda zan yi, da ba wanda zai ƙara hawa bayan motar kaya. Hukumar kiyaye haɗurra ta hana, kuma tana da gaskiya. To amma na san gobe da asuba wasu za su hau. Saboda haka ga ƙa'idoji, kuma ba na son gardama a kansu.

Tushensu ɗaya ne. Mutumin da zai tsayar da motarku da ƙarfe biyun dare a Okene ko Ogbomosho bai san mahaifinka ba, bai taɓa jin sunan Gwiwa ba, wataƙila ko Hausa ba ya ji. Jakarka zai zazzage a ƙasa ya haska tocila, abin da ya gani kuma da shi zai yanke maka hukunci tun kafin ka buɗe baki. Haka shi ma wanda ya tsince ka kwance a bayan gonarsa. Duk abin da za ka sa a jaka, ka fara tambayar kanka: in mutum mai jin tsoro ya ga wannan cikin dare, wa zai ce ni ne?

Kada ka ɗauki makami, ko wane iri ne.

Ba bindigar farauta, ba kwari da baka, ba takobi, ba barandami, ba doguwar wuƙa a ƙugu. A ƙarshen watan Maris na 2025, cikin azumi, ana saura 'yan kwanaki Sallah, 'yan sintiri suka tsayar da wata babbar mota a Uromi ta jihar Edo. A cikinta akwai mafarauta 'yan jihar Kano, akasarinsu mutanen ƙasar Bunkure, sun taso daga wajen Fatakwal za su gida yin Sallah. Aka ga bindigogin farauta a cikin kayansu, aka yi musu ihun masu garkuwa da mutane, aka kashe mutum 16 kisan gilla. Allah Ya jiƙansu. Alhakin jininsu yana wuyan waɗanda suka kashe su, ba na ɗora wa mamatan laifin komai. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zuwa duk inda yake so a ƙasar nan. Amma taron da ya fusata ba ya sauraren sashe, ba ya tsayawa karanta lasisi. In sana'arka farauta ce, ka bar bindigar a hannun shugaban ƙungiyarku a can inda kuke farautar, ka dawo gida hannu sake. In aikin gona ko saran itace za ka yi a kudu, ka sayi addar a can. Kuɗin adda bai kai ranka ba. Abin da na yarda ka ɗauka shi ne 'yar ƙaramar wuƙa mai naɗewa ta yankan albasa, ita ma a cikin ƙullin abinci, ba a aljihu ba.

Kada ka tara layu da guraye da ƙulle-ƙullen magani a jaka. Abin da kai ka sani tsari ne, wani kayan 'yan fashi zai kira shi. Addu'ar tafiya da ka haddace ta ishe ka, kuma ba mai iya zazzage ta a shinge.

Kada ka sa kakin soja ko wani abu mai kama da shi. Wando, hula, jaka, ko da a gwanjo ka saya da araha. Doka ta hana farar hula sawa, sojan da ya kama ka da shi kuwa ba zai tambaye ka nawa ka saya ba.

Kada ka riƙe wayoyi uku da layuka barkatai. Waya ɗaya, layi ɗaya ko biyu, masu rajista da sunanka.

Kada ka karɓi saƙon da ba ka buɗe ka gani da idonka ba, ko na wane ne. "Don Allah miƙa wa wane a Mile 12 ta Legas" ya kai mutane da yawa gidan yari. In jami'an NDLEA suka sami tiramol ko kodin ko tabar wiwi a kayanka, naka ne, ba ruwansu da wanda ya ba ka. Wanda ya ji haushi don ka ce sai ka kwance ƙullinsa, mayar masa da abinsa nan take. Kai ma kanka kada ka sha ƙwaya wai don ka jure zaman mota. Wanda ya bugu a kan lodi shi ne yake faɗowa.

Kada ka ɗauki yaron da ba naka ba. Ko ɗan wanka ne, in babu takarda daga mahaifinsa da mai unguwa, bar shi a gida. Saurayi da ƙaramin yaro a bayan tirela, zargin satar yara ne yake jiransa a gaba. Hanyar ma ba ta yara ba ce, ba kuma ta mata ba. Wanda zai tafi da iyali ya nemi kuɗin motar fasinja, ko ya haƙura sai ya samu.

Yanzu abin ɗauka. Na farko shaida.

Ka ɗauki takardarka ta NIN, da katin zaɓe in kana da shi, da takardar shaidar ƙaramar hukuma. Ka je wurin mai unguwa ko dagaci ya rubuta maka 'yar wasiƙa da Turanci: sunanka, garinku, sana'arka, inda za ka, da lambar wayarsa, ya buga hatimi. Ka yi hoton kowace takarda a shagon kwafi, ka bar ɗaya a gida. Na hannunka ka naɗe su a leda biyu, su zauna a jikinka, ba cikin jaka ba, domin jaka tana iya tafiya da mota ta bar ka a tsaye. A wata 'yar takarda daban ka rubuta lambobin mutum uku na gida da na wanda za ka sauka wurinsa. Yawancinku ba ku haddace lambar kowa ba, waya na mutuwa shi ke nan kun zama marasa dangi. Wannan takardar ce kuma za a duba in, Allah Ya kiyaye, an tsince ka ba ka iya magana.

Kayan sana'arka ma shaida ne, ka sa su a sama inda za a fara gani. Akwatin gyaran takalmi, almakashi da askar yankan farce, keken ɗinki na kafaɗa, cokalin birkila, hular kwano da lasisin tuƙa babur. Wanda ya ga waɗannan ya san mai neman halali ne a gabansa.

Mutanen Babura da ke yin arewa, da ku nake musamman. Na san Magarya gida ce, akwai auratayya, akwai gonaki da kasuwanni da suka haɗa ku. Amma abubuwa sun canza tun juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, kuma Nijar ta fice daga ECOWAS a watan Janairu na 2025. Ku bi ƙofa, ta Babban Mutum ko Kongolam ko Maigatari, ku nuna takarda a rubuta ku. Kada ku bi ɓarauniyar hanya da dare a bayan babur ɗin 'yan fasa-ƙwauri. Kada ku riƙe wa kowa jarkar fetur, ko da ita ce ladan rage hanyar. Ku canji 'yar sefa tun kafin ku tsallaka.

Jaka ɗaya tak, ta goyo, mai igiya biyu masu ƙarfi. Hawa tirela da hannu biyu ake yi, sauka ma haka. Buhu da gana-mas-go sai wanda ya san mota za ta sauke shi a ƙofar gida. Kafin ranar tafiya ka cika ta, ka goya, ka yi tafiyar awa biyu da ita a rana. Abin da ya sa ka haki, cire shi. Ka shimfiɗa babbar leda a cikinta kafin ka zuba kaya, saboda ruwan sama da ƙura da fitsarin dabbobi. Tufafi kala biyu ban da na jikinka sun isa. Shaddar Sallah da agogo mai walƙiya su zauna a gida.

Ruwa kuwa, kada ka yi masa rowar wuri. Jarka mai cin lita huɗu, cike, ko da kana ganin za a tsaya a Dambatta nan kusa. Mota tana lalacewa inda babu rijiya, kuma daga Maris zuwa Mayu zafin ƙasar nan yana haura digiri 40, ƙarfen bodi kuwa ya fi haka. Buta daban, ta alwala da tsarki, kuma ka tuna addini ya sauƙaƙa wa matafiyi: akwai ƙasaru, akwai taimama in ruwa ya yi ƙaranci. Kada ka ƙarar da ruwan sha a wanke ƙafa. Ka sayi ƙullin gishiri da sukari na ORS guda huɗu ko biyar a kemis. In babu, ga yadda ake haɗawa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin cokalin na gishiri. Gudawa a bayan mota cikin zafin bazara tana iya kayar da ƙato cikin yini ɗaya. Kada ka sha ruwan kududdufi ko na dam sai ka tafasa ko ka sa masa maganin tace ruwa. Kada ka yi wanka a ruwan da ba ya gudu, nan ake ɗaukar tsargiya.

Guzuri ya zama busasshe: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, sukari, dabino, soyayyiyar gyaɗa, aya, ɗan yaji, kilishi in da hali. Fura da nono da dafaffen wake na yinin farko ne kawai, kada su kwana. Kofi ɗaya na silba da cokali. Ka ɗauki abin da zai ishe ka kwana uku ko da an ce maka tafiyar kwana ɗaya ce, sannan ka ƙara ɗan abin da za ka miƙa wa na kusa da kai. Goro biyu ko uku don direba da yaran mota ba asara ba ne. Kada ka ci ko ka sha abin da baƙo ya ba ka a buɗe a tasha, ana sa maganin barci a lemo a kwashe wa mutum kaya. Ka yi godiya ka ce ka ƙoshi.

Kada ka raina sanyi don ka taso da rana. A Disamba da Janairu sanyin dare a nan yakan sauka ƙasa da digiri 15, ka haɗa shi da iskar motar da ke gudu a fili, sai yatsunka su ƙage su kasa riƙe ƙarfe. Rigar sanyi mai kauri, hular sanyi mai rufe kunne, safar hannu da ta ƙafa, rawani ko ƙyalle na rufe hanci saboda ƙura, da ɗan man shafawa don leɓe da diddige. Amma da an doshi shinge ko gari, ka kware fuskarka. Rufaffiyar fuska a bayan mota tana tayar wa mutane da hankali. Takalmi sau-ciki za ka sa, silifas na alwala ne.

Shimfiɗa abu uku ce: 'yar tabarmar roba ko darduma, bargo mara nauyi, da gidan sauro mai magani, irin wanda ake rabawa kyauta. Gidan sauron nan kada ka bar shi don ana rani. Kudu ba ta da ranin sauro, kuma in ka cusa gefensa ƙarƙashin tabarma ya tsare maka kunama da sauran ƙwari. Ƙara da leda mai kauri ko guntun tamfol mai tsawon mutum, da igiya kamar gaba biyar. Ba ka buƙatar tanti irin na Turawa masu yawon buɗe ido. A ƙasarsu abin sha'awa ne, a dajinmu kuwa wanda ya hango tanti a ɓoye sansanin ɓarayi zai ce ya gani.

Sauran ƙananan kaya: tocila da batir na ajiya, ashana a leda, caja da fawa-banki, sabulu, asuwaki, allura da zare, farasitamol, filasta. In kana shan maganin asma ko farfaɗiya ko ciwon suga, ka ɗauke shi a kwalinsa tare da katin asibiti. 'Yar ƙaramar waya mai maɓalli da ke kwana uku ba caji ta fi babbar waya amfani a wannan tafiya.

Kuɗi kashi uku: na kashewa a aljihun gaba, na ajiya a ɗinke cikin wando, saura a asusu. Wanda ya ga wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 ya san kati kaɗai ba ya sayen ruwa a ƙauye. Kuɗin motar dawowa kuwa haramun ne a gare ka har sai ranar dawowa.

Sai zaɓen mota.

Ka je inda manyan motoci suke tsayawa, ka yi sallama, ka yi magana da direba ido da ido da rana, a gaban 'yan kamasho da mutanen tasha. Ya fi tsayar da wadda ba ka sani ba a duhu. Kafin ka hau ka karanta lambar motar, ka tura wa na gida tare da sunan direba da inda ya ce za shi. Ka yi haka a gabansa, direban kirki ba ya jin haushi. Ka taimaka wajen ɗaure tamfol da ɗebo ruwa, kada ka zauna kamar wanda ya biya kujerar gaba.

Kada ka hau tankar mai, ko a ina ne a jikinta. In kuma kun tarar da ta faɗi, ka yi nesa da ita iyakar gudunka, ka hana na kusa da kai zuwa ɗiba. Majiya tana nan cikin jiharmu, a ƙaramar hukumar Taura. A watan Oktoba na 2024 tanka ta faɗi a can da dare, mutane suka taru kwasar fetur, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu, akasarinsu matasa irinku. Bayan wata uku aka sake yin irinta a mahaɗar Dikko ta jihar Neja.

Kada ka hau kan lodin da ya wuce bodi tsawo. Kada ka zauna a kan katakon da ake gittawa bisa shanu a motocin da ke tasowa daga kasuwannin Maigatari da Dambatta. Na san nan ne aka fi samun wuri, na kuma san nan ne aka fi mutuwa: in motar ta kife, shanu da mutane wuri ɗaya suke zubewa. Kada ka zauna tsakanin kan mota da bodi. Kada ka zauna a bayan buhunan siminti ko rodi ta wajen gaba, birki ɗaya ya isa ya turo su kanka. Kada ka yi barci a sama mota na tafiya, ku yi karɓa-karɓa da abokin tafiyarka. In ka ga direba yana gyangyaɗi ko yana haɗiyar ƙwaya, sauka a gari na gaba, ko da ka rasa wata motar sai gobe. A Abuja da kewayenta kuma kada ka shiga ƙaramar motar da ba ta tasha ba don an ce maka da araha. 'Yan wan-cans da haka suke kama mutane.

Kada ka yi tafiyar nan kai kaɗai, kada kuma ku yi ta ku talatin. Biyu ko uku. Tun da aka kafa rundunar tsaro ta Amotekun a jihohin Yarbawa a 2020, motar da aka gani maƙare da samari a ƙarƙashin tamfol sai an sauke ta. Kada ka yarda a lulluɓe ka a ɓoye ka kamar kaya. In za a gan ka, a gan ka zaune a fili.

Wurin kwana shi ne inda na fi jin tsoro a kanku.

Kada ka ɓuya. Wasunku suna ganin dabara ce mutum ya lallaɓa bayan gari in duhu ya yi, ya kwanta inda ba mai ganinsa, ya tashi kafin asuba. A shekarun baya wataƙila a wuce da ita. Yau Gwiwa da Roni suna maƙwabtaka da jihar Katsina, kowa ya san abin da 'yan bindiga suka yi wa yammacin jihar, kuma kowane ƙauye yana da 'yan sintiri da ke kwana ido biyu. Baƙon da aka tsinta a ɓoye cikin kara da tsakar dare, ɗan leƙen asirin ɓarayi za a ɗauke shi, duka kuma yakan riga tambaya. A kudu abin ya fi haka muni.

Kakanninmu fatake sun yi tafiyar da ta fi taku nisa. Daga Kano har Gwanja suke zuwa sayen goro, wata da watanni a ƙasa da jakuna, ta cikin ƙasashen da ba a jin Hausa. Ba su taɓa kwana a ɓoye ba. Jagaba yana gaba yana neman masauki, madugu ya aika wa sarkin gari gaisuwa, a nuna musu fili su yi zango kowa yana gani. Zangon Kumasi da na Salaga da Sabo ta Ibadan duk daga wannan ɗabi'a suka tsiro. Ita za ka bi. Ka shiga gari tun rana ba ta faɗi ba. Ka yi sallar magariba a masallaci cikin jama'a, ka gaida liman, ka ce kai baƙo ne daga wuri kaza za ka wuri kaza, kana neman inda za ka sa haƙarƙarinka zuwa asuba. Ko ya kai ka wurin mai unguwa, ko a ba ka zaure ko soro. Masallatai da yawa yanzu ana kulle su bayan isha'i, saboda haka izini za ka nema, kada ka haura katanga. A garin da ba na Hausawa ba ka tambayi gidan Sarkin Hausawa, ko unguwar Sabo, ko kasuwar shanu. In duk babu, ka tafi ofishin 'yan sanda ko tasha ko gidan mai mai haske, ka gaya wa mai gadi, ka nuna masa takardarka, ka kwanta inda yake ganinka.

Kada ka kwana a kango, ko makarantar da aka tashi, ko maƙabarta. Kada ka kwana kusa da taransifoma ko ƙarfen sabis na waya, ɓarawon waya za a ce da kai. Kada ka kwana kusa da garke, ko turken awaki, ko rumbu, ko tarin amfanin gonar da ba a kai gida ba. In rugar Fulani ce kusa, ka doshe ta da sauran haske, ka tsaya daga nesa ka yi sallama har a amsa. Kada ka shimfiɗa a kan burtali.

Akwai daren da ba gari, mota ta mutu a tsakiyar daji. To, ka zauna tare da mutanen motar, kada ka ware. Ku zuba ganye a kan titi tun daga nesa, gaba da baya, don masu tahowa su gani. Kada ka kwanta a ƙarƙashin mota ko a gindin taya, an sha take mutane da asuba direba bai san suna nan ba. Kada ka kwanta a bayanta a gefen kwalta, nan wata motar take zuwa ta daka. Ku koma gefe, wuri mai ɗan tudu, fili mara ciyawa, ku share shi da reshe. Da damina ka guji kwari da busasshiyar ƙorama, ruwan da aka yi a wani wuri yana iya iso ka cikin barci, ka kuma guji gindin doguwar bishiya tilo in ana tsawa. Kada ka hura wuta kusa da tankin mota ko kusa da karan gona. In an ba ka ɗaki cikin hunturu, kada ka shiga da gawayi ka rufe ƙofa, hayaƙinsa da ba a gani yana kashe mutum cikin barci.

Duwatsun Kazaure da Roni suna da daɗin hawa da rana, amma kada ka kwana a gindinsu ko cikin kogo. Dutse yana riƙe ɗumi, maciji kuma ɗumi yake bi. Kada ka taka ko'ina da dare ba tocila ba takalmi. Da safe ka kakkaɓe takalmi da bargo kafin ka taɓa su da jiki. In tsautsayi ya faɗa maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau, kada a ɓata lokaci wajen neman mai magani. A cire zobe da agogo, a ɗaura wa gaɓar sanda don kada ta motsa, a ɗauke shi, kada ya taka da ƙafarsa, a nufi babban asibiti mafi kusa, irin na Kazaure ko na Babura, a ce allurar dafin maciji ake nema. Kububuwa ƙarama ce, amma dafinta hana jini daskarewa yake yi. Mutum yana iya jin garau da farko, bayan sa'o'i dasashi ya fara zubar da jini. Don haka ko ya ce ya warke a kai shi, kuma kada a ba shi asfirin ko maganin ciwon jiki ban da farasitamol. Asibitin Kaltungo a jihar Gombe ya yi suna a wannan aiki, kuma abin da ma'aikatan lafiya suke nanatawa kullum shi ne a zo da wuri.

Inda ka kwana, ka bar shi da tsabta. Ka kwashe ledojinka, ka yi nesa da rijiya da hanya in za ka kewaya, ka binne. Ka yi wa mai masauki sallama kafin ka tafi, kada a wayi gari a ga ba ka. Wani ɗan garinku zai zo bayanka, da abin da ka bari za a karɓe shi.

Kada ka fita ba da sanin iyayenka ba. Kowace magariba ka kira gida ka faɗi sunan garin da kake. In an yi haɗari a hanya, lambar hukumar kiyaye haɗurra 122 ce, ta neman agajin gaggawa kuma 112. Ka rubuta su a takardar nan ta lambobi.

Ku kuma iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni na ƙasar Kazaure da ta Babura, Allah Ya ƙara muku lafiya, roƙona gare ku ɗaya ne. Yaron da ya zo neman wasiƙar shaida zai tafi ci-rani, a rubuta masa a ranar, a sa lambar wayar da za a ɗauka ko da tsakar dare ne aka kira, kuma kada a karɓi ko kwabo a hannunsa.